Rigar Da Ba Ta Mutu Ba

Akwai wani tela a Rafin Guza mai suna Lawan. In ka shiga unguwar kana tambayar Lawan tela, za a yi ta nuna maka mutane har ka gaji. Amma ka ce Lawan Almakashi, ko akuya ka tambaya sai ta kai ka ƙofar shagonsa.

Shi ba ya ɗinka sabon yadi. Duk ranar Talata yakan tafi kasuwar Kawo, ya bi 'yan gwanjo yana tono abin da kowa ya ƙi: labulen da rana ta cinye, zanen da ya koɗe, rigar da ɓera ya yi wa taga a baya. Ya kwaso, ya wanke, ya yar da inda ya ruɓe, ya haɗa inda ke da sauran ƙarfi. Kafin ka ankara jaka ta fito, ko rigar filo, ko bargon jariri.

An ce ya taɓa yanka tsohuwar lema guda ɗaya ya fitar da jakar makaranta, da hular wanka, da rigar rediyo, har ƙyalle ya ragu. Ni ban gani ba. Amma wanda ya ba ni labarin ba ya ƙarya sai in ya samu mai saurare.

To, kun san mu Hausawa, in kaya ya gama aiki sai mu ce ya mutu. Takalmi ya mutu, tabarma ta mutu, riga ta mutu. A kan wannan kalma Lawan ya kafa dokar sana'arsa.

"Ni ba na yanka mai rai," in ji shi. "Sai kaya ya mutu nake sa masa almakashi."

Kuma da gaske yake. In aka kawo masa rigar da mutum zai iya sawa ya shiga jama'a, sai ya miƙa wa mai ita ya ce, "Wannan tana numfashi. Kai wa wanda ba shi da ita."

Lawan ba shi da kowa. Matarsa Atika ta rasu da daɗewa, Allah bai ba su haihuwa ba. Danginsa suna wani ƙauye bayan Rigachikun, ba sa tunawa da shi sai in an yi rasuwa ana neman masu cika tabarma. Ya saki ɗakin haya ya koma bayan shago da zama, shi da keken ɗinkinsa da buhunan ƙyallaye.

Mutum ɗaya ne ya hana shagon nan zama kabari: Malam Husaini, wanda gidansa ke kallon shagon. Tsohon ma'aikacin masaƙa ne, dogo ƙwarai, har Lawan ba ya kiransa da komai sai Dogo. In suka tsaya tare, hular Lawan iyakarta aljihun ƙirjin Dogo.

Kullum bayan la'asar sai Malam Husaini ya tsallako da kwanon tuwon da matarsa Hajiya Balaraba ta zubo musu, ya zauna a benci ya miƙe ƙafafu har tsakiyar lungu.

"Almakashi, yau wa ka kashe?"

"Ban kashe kowa ba, Dogo. A mace na tsince su."

"Haka kowane mahauci yake cewa."

Malam Husaini yana da wata babbar riga da ba ya sawa sai Juma'a. Rigar saƙi ce, shuɗiya mai duhu, an yi mata aikin hannu da zaren tsamiya a Zariya tun yana saurayi, irin aikin nan da ake kira aska takwas. In ya fito da ita, sai Lawan ya tsayar da keke ya bi ta da ido.

"Ka daina kallon rigata haka," in ji Dogo. "Gabana faɗuwa yake yi."

"Jira nake ta mutu."

"Za ka daɗe kana jira. Wannan sai ta ga bayana, ta ga bayanka."

Rabin maganarsa ya tabbata. Wani ɗan zazzaɓi ya kama shi, ba wanda ya ɗauke shi da muhimmanci, har shi kansa. Kafin mako ya zagayo an kai Malam Husaini makwancinsa.

Aka yi zaman makoki aka watse. Lawan ya ci gaba da fito da benci bayan la'asar, ya kakkaɓe shi da tsumma, ya koma kan keke. Wani lokaci in ya haɗa launi ya yi kyau sai ya ɗaga kai ya ce, "Dogo, dubi nan," sannan ya tuna. Sai ya ƙara wa keken gudu don kada ya ji shirun.

Kwanon tuwo dai bai tsaya ba. Hajiya Balaraba ta shiga takaba, ba ta fita, amma babbar 'yarsu Sa'adatu, wadda ta baro gidan mijinta ta zo taya ta zama, ita ke tsallakowa da shi. Wannan kwanon shi kaɗai ne shaidar cewa a duk Kaduna akwai gidan da ke lissafawa da Lawan in an ɗora tukunya.

Bayan an raba gado, magada suka yarda a yi sadaka da suturar mamacin. Ran nan Sa'adatu ta shigo da wani ƙunshi a kan kwano.

"Baba Lawan, Hajiya ta ce a ba ka wannan. Ta ce kai ka fi kowa cancanta."

Ya kwance. Rigar ce.

"Ta ce roƙo ɗaya take yi. Ka riƙa sa ta kana zuwa Juma'a. Duk sujadar da aka yi a cikinta, Allah ya kai wa Baba ladan."

"Allah ya jiƙan Dogo," in ji Lawan. "Ki ce mata na ji, zan sa."

Da ta fita ya janyo ƙofa ya zura rigar. Ta sauka har ƙasa, ta kwanta, ta yi saura. In da ya fita da ita haka, da ya share wa hukuma lungun Rafin Guza kyauta. Amma ba tsawon ne ya dame shi ba. Ƙamshin ne. Turaren Dogo da ɗan warin goro suna nan a wuyan rigar, kamar yanzu ya cire ta. Lawan ya tuɓe ta da sauri ya rataye a ƙusa.

Sai rigar ta zama masa wani abu. Duk sanda ya ɗaga kai daga ɗinki, ga Dogo tsaye a jikin bango, ba kai, ba ƙafa, ba magana. Ya juya keken ya ba ta baya. Bai yi amfani ba, yana jin ta a ƙeyarsa.

Ranar Juma'a ya sa tsohon kaftaninsa ya bi ta lungun baya.

"Baba Lawan, ka sa rigar?" Sa'adatu ta tambaya da ta kawo tuwo. "Hajiya ce ta ce in ji."

"Na sa mana. Har liman sai da ya waiwayo."

Ƙarya ta farko ita ce mai wuya. Sauran da kansu suke zuwa, kowace Juma'a da tata.

Ana nan sai ga Hajiya Aziza, wata mai sayen kayansa daga Unguwar Sarki, mai shagon kayan ƙawata ɗaki. Ta zo karɓar jakunkuna, idonta ya faɗa kan bango. Ta ajiye waya, abin da ba ta cika yi ba.

"Kai! Baba tela, wannan aikin hannu ne? Wallahi yanzu ba a yin irinsa. Masu yi sun ƙare."

"Haka ne."

"Ka cire mini gaban nan. Filo biyu na falo da jakar hannu ɗaya. Za ka ga yadda mutane za su riƙa tambayar wanda ya yi."

"A'a, Hajiya. Wannan ba ta mutu ba."

"Ina mai ita?"

"Ya rasu."

"Kai kana sawa?"

Lawan ya girgiza kai.

"To?" in ji Hajiya Aziza, ta ɗauki wayarta ta shiga mota.

Motar ta tafi, amma "to" ɗin nan bai bi ta ba. Ya zauna a shagon, a kan bencin Dogo, yana kallon Lawan.

Ku kuma kun san zuciya in tana son abu, babu lauyan da ya kai ta iya magana. Ta ce masa: mene ne ran riga in ba mutumin da ke cikinta ba? Ta ce: mai ita ya tafi, ai ta bi shi. Ta ce: a ƙusa asu ne zai cinye ta, a falo kuwa kowa zai ga aikin ya yaba. Abin da ba ta faɗa da ƙarfi ba shi ne, hannunsa ya shekara da shekaru yana ƙaiƙayin wannan aikin tsamiya, kuma ya gaji da mutumin da ke tsaye a bango ba ya amsa masa.

Da rana tsaka, lungu ya yi tsit, ya shimfiɗa rigar a tebur. Ya ce, "Ta mutu," da ƙarfi, kamar akwai mai shaida. Ya sa almakashi.

Filon sun yi kyau, kada in yi muku ƙarya. Jakar kuwa ta fi su. Hajiya Aziza ta karɓa tana ta sa albarka. Ragowar rigar, baya da hannuwa, ya cusa ta ƙarƙashin buhu.

Ya zaci zai samu sauƙi. Sai ya tarar da benci babu kowa, ƙusa ma babu kowa.

Kwanaki suka tafi, Hajiya Balaraba ta fita takaba. Wata Laraba da hantsi ta tsallako lungu da kanta, ta tsaya daga bakin shago. Ta rame, amma muryarta tana nan.

"Malam Lawan, ina kwana? Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Hajiya. Ashe an fita. Allah ya ba da lada."

"Amin. Na zo in yi maka godiya ne. Sa'adatu tana gaya mini komai." Ta gyara mayafi. "Jibi zan zauna a zaure. Tun da ya tafi abu ɗaya nake so in gani: rigar nan ta wuce ta ƙofar gida kamar yadda ta saba. Don Allah kada ka bi ta baya."

Lawan ya ce to. Shi kansa bai ji muryarsa ba.

Washegari ya hau Keke Napep sai Unguwar Sarki. Aka kai shi falon Hajiya Aziza. Bai zauna ba ya fara bayani, yana haɗa magana da rantsuwa.

"Ayya, Baba tela," in ji ta. "Ai da ka faɗa mini amana ce. Jakar tana Abuja, filo ɗaya an saya tun a makon. Sai wancan."

Ta nuna kujera. Ga ƙirjin Dogo nan, rabinsa, wata ƙatuwar kyanwa fara ta naɗe a kai tana barci. An ce kyanwar ta buɗe ido ɗaya ta dube shi, ta ga ba wani babban mutum ba ne, ta mayar ta rufe.

Hajiya Aziza ba muguwa ba ce. Ta kori kyanwar, ta zare rigar filon ta ba shi. Ya dawo da ita a aljihu.

A hanya ya auna ƙarairayi kala-kala. Ɓarawo ya shiga. Dutsen guga ya ƙone ta. Tana wurin mai wanki, mai wanki ya tafi ƙauye, ƙauyen ruwa ya yanke hanya. Kowace ya ɗaga ya duba sai ya ga ɗinkinta a waje yake. Daga ƙarshe ya ce, ni fa tela ne.

Ya zaro ragowar rigar ya haɗa. Ya mayar da guntun aikin tsamiyar inda ya fito, ya cike sauran ramin da ƙyallen wani tsohon labule ruwan ƙasa, ya rage tsawon. Daga baya in ka gan ta, rigar Dogo ce sak. Daga gaba kuwa, sai dai a yi shiru.

Ranar Juma'a ya sa ta, ya ɗauki sallaya. Maimakon ya saɓa ta a kafaɗa kamar kowa, sai ya buɗe ta ya rungume a ƙirji da hannu biyu, kamar mai ɗauke da jariri. Ya fito yana sauri.

Hajiya Balaraba tana zaure a kan kujera 'yar tsugunno, Sa'adatu a bayanta. Da ta hango shuɗin rigar, sai ta kai gefen mayafi ido.

"Salamu alaikum, Hajiya, an kusa shiga huɗuba," in ji Lawan, bai rage tafiya ba.

"Malam Lawan."

Ya tsaya.

"Yaushe aka fara goya sallaya a gaba? Sauke ta in ga aikin."

"Iska ce, Hajiya. Ƙirjina ba ya son..."

"Sauke ta."

Ya sauke.

Daga nesa ana jin lasifikar masallaci. Sa'adatu ta dafe baki. Hajiya Balaraba ta dubi ƙyallen labulen, ta dubi guntun aikin da ya rage, ta daɗe tana dubawa.

"Ina sauran?"

"Na yanka." Ya shafa facin. "Na yi filo da jaka. Na ga kamar... na ga kamar ta mutu ne, Hajiya."

"Mai rigar ne ya mutu, Lawan. Ba rigar ba."

Tun da ya san ta, ranar ce ta fara kiran sunansa ba Malam.

"Da ka ce ta yi maka tsawo, da na ce ka rage. Da ka ce ba ka iya kallonta, da na fi kowa ganewa. Kana tsammanin don me na fitar da ita daga ɗakina? Ko da yankawar ce, da ka tambaye ni, wataƙila in yi kuka in ce ka yanka." Ta nuna ƙirjinsa. "Amma ka ce wa 'yata ka sa. Duk Juma'a ina ɗaki, in na ji an tayar da salla sai in ce, yanzu rigar Malam tana sahu. Da wannan na yi takabata. Ashe da filo nake hira."

Ta tashi. Sa'adatu ta ɗauki kujerar. Aka rufe ƙofa a hankali, ba a buga ta ba. Da an buga ma da ya fi masa sauƙi.

Ranar kwano bai zo ba. Washegari ma haka.

Lawan ya koma shayi da burodi a wurin mai shayin bakin titi, inda ba wanda ke tambayarka ya ka kwana sai dai madara nawa za a sa. Ya daina fito da benci. Sa'adatu ta koma gidan mijinta. Lungun da taku kaɗan ne ya zama masa kamar kogin Kaduna a tsakiyar damina.

Amma da Juma'a ta zagayo, ya sa rigar. Ya saɓa sallaya a kafaɗa, ƙirji a buɗe, ya bi ta ƙofar gidan. Ƙofa a rufe. Ya yi sallama ga katako ya wuce.

A masallaci mutane suka samu abin yi.

"Almakashi, yau kai aka yanka?"

"Wannan sabon yayi ne, ko labulen ne ya biyo ka?"

Da can da ya mayar musu da wadda ta fi zafi. Yanzu sai ya ce, "Rigar Malam Husaini ce. An ba ni amana na ɓata. Ku yi masa addu'a." Masu dariya suka rasa inda za su ajiye dariyarsu.

Haka ya yi ta yi. Damina ta sauka sosai, lungu ya cika da taɓo, yana tattare rigar a hannu yana tsallake kwata, ya yi sallama ga rufaffiyar ƙofa. Wani lokaci ya ce a ransa, wa nake yi wa? Ba mai gani. Sai ya tuna ba don a gani aka ba shi ba, don sujada ne.

A shago kuma doka ta ƙaru. In aka kawo masa tsohon kaya, bayan ya duba ko ya mutu, sai ya tambaya, "Na wane ne? Ya san za a yanka?" Wasu suka ce tsufa ya fara taɓa shi.

Ruwa ya ɗauke, aka fara cin sabon gero. Wata Juma'a ya dawo daga masallaci ya tarar da Sa'adatu tsaye a ƙofar shago, ƙunshi a kai, kwano a hannu.

"Baba Lawan, ina wuni."

Idon Lawan na kan kwanon.

"Hajiya ta ce waɗannan tsofaffin kayan Baba ne na zaman gida, da na lokacin masaƙa. Ta duba su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce in gaya maka sun mutu, ita ce shaida. Ka yanka, ka haɗa mata bargo."

"To," in ji Lawan. "To."

"Ta kuma ce facin nan na ƙirjinka bai yi ba. Wai duk Juma'a in tana kallonsa ta tsagin ƙofa sai ya ɓata mata rai. Akwai wata shuɗiya a cikin ƙunshin, ka canza da ita." Sa'adatu ta miƙa masa kwanon. "Ta ce tela guda, a rasa launin da zai dace."

Da ta tafi, Lawan ya shiga ya janyo benci ya fito da shi, ya kakkaɓe ƙurar da ta taru. Ya zauna a gefe ɗaya, rigar tana jikinsa, ya ajiye kwanon a tsakiya kamar yadda aka saba. Ya buɗe. Tuwon masara ne da miyar kuka.

"Dogo," ya ce, "ashe tana gani."

Ba wanda ya amsa. Ya yi bisimilla ya ci rabinsa, ya daɗe yana kallon ɗaya rabin.

Darasi: Mayar da tsohon kaya sabo sana'a ce mai albarka, ba laifi a cikinta. Amma ba duk abin da ya tsufa ne ya mutu ba, kuma ba duk abin da ya shigo hannunka ne ya zama naka ka yi yadda ka so ba. Kafin ka sa almakashi, tambayi kanka: akwai mai bukatarsa yadda yake? Don me aka ba ni? Mai shi ya yarda? Tambaya ba ta cin lokaci, amma abin da aka yanka ba ya komawa yadda yake, ko riga ce ko amana. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman masu saurin hannu. Kun san su, ba sai na kama suna ba.